Abin Da Saiwa Ke Yi A Ƙasa Sa'ad Da Ruwa Ya Ɗauke

A gonakin da ke kewaye da birnin Bauchi, ruwan farko na watan Mayu yakan ruɗi manomi. Ya yi shuka, sai sama ta yi shiru mako biyu ko uku, ganyen masara ya nannaɗe. Da yawa sukan ɗauka yabanya ta mutu, su sake kashe kuɗin iri.

Amma tsayawar ganye ba ita ce mutuwa ba. A 1979 Robert Sharp da William Davies, a Jami'ar Lancaster ta Ingila, sun nuna cewa idan ƙasa ta fara bushewa, kara da ganyen masara su ke daina girma, saiwa kuwa ta ci gaba da nutsewa. Binciken 1988 ya ƙara bayyana cewa 'yan milimitocin da ke can bakin saiwar ne ke wannan aiki. Saiwar takan sirance, ta tara sukari da wasu sinadarai a ƙwayoyinta, don ta iya zuƙo ɗan danshin da ya rage. Wato shuka ta rage hidimar sama ne, ta mai da ƙarfinta neman ruwa.

Gero ya fi masara iya wannan, abin da waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa bukatar a faɗa musu.

Sai dai saiwa ba ta fasa dandagaryar ƙasa. Gonar da ta sha taki da huɗa mai zurfi ce ke ba ta hanya. Kafin a yanke ƙauna, a duba da asuba: in ganye ya warware cikin dare, da sauran rai.