Waƙa Ta Ɓace A Kwamfuta: Ina Ta Shiga, Yaya Ake Dawo Da Ita?

A Jidda akwai Hausawan da ba su taɓa taka Kano ko Maraɗi ba. Kakanninsu sun taho aikin Hajji ta ƙasa, suka ratsa Cadi da Sudan, suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin, daga nan zama ya kama su. Abin da ya rage wa jikokinsu na gida, bayan tuwo da harshe, har da muryoyin Mamman Shata, Musa Ɗanƙwairo, Ɗanmaraya Jos da Barmani Coge. Kaset-kaset ne aka riƙa kawowa tsaraba daga kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, daga baya matasa suka juye su a kwamfuta, kasancewar zafi da laimar bakin teku ba sa barin kaset ya daɗe.

Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 an rushe tsofaffin unguwanni da dama a birnin, ciki har da Gulail, Betromin, Karantina, Sabil da Hindawiyya, inda 'yan asalin Afirka suka daɗe da zama. Duk wanda ya taɓa ƙaura ya san yadda kaya ke hargitsewa. A cire wayoyi, a naɗe faifan ajiya a tsumma, wani lokaci ma a sayi sabuwar kwamfuta. Ranar da aka zauna aka buɗe manhajar kiɗa, sai a tarar da sunayen waƙoƙin suna nan reras, amma kowanne da alamar motsin rai a gefensa, an danna ya ƙi tashi. A nan ne mutane da yawa ke yanke ƙauna, alhali mafi yawan lokuta ko waƙa ɗaya ba ta salwanta ba.

Ga yadda abin yake. Manhaja irin iTunes, wadda kamfanin Apple ya fitar a 2001, ba ta riƙe waƙa a cikinta. Abin da take riƙewa rajista ce: sunan waƙa, sunan mawaƙi, sau nawa aka saurara, da kuma adireshin inda fayil ɗin yake kwance. Kamar littafin adireshin 'yan uwa ne bayan an tashi unguwa: mutanen suna raye, sai dai ba sa ƙofar da aka rubuta. A kwamfuta mai Windows kowane faifai yana da harafi. Na ciki shi ne C, na waje kuwa ana ba shi wanda ya samu, E ko F. Idan jiya faifan waƙoƙinka E ne, yau kuma aka riga shi da wani filashi ya koma F, to duk adireshin da ke rajistar ya tashi a banza. Maganin bai wuce minti biyar ba. Ko dai a shiga sashen kula da faifai na Windows a mayar masa da tsohon harafinsa, ko a danna waƙa ɗaya, a nuna wa manhajar sabon wurinta. Ita da kanta za ta tambaya ko ta bi wannan hanya ta nemo sauran. In kuwa rajistar ce ta lalace har jerin waƙoƙin ya fito fanko, iTunes tana ajiye tsofaffin kwafi masu kwanan wata a wata folda da ke kusa da ita, ana iya dawo da na baya-bayan nan.

Akwai kuma matsalar da duk mai zuwa wurin masu tura waƙa ya sani. Ka kai filashi ko memori, ka dawo gida ka ga foldojinka sun koma 'yan gumaka masu kibiya, ko sun ɓace ƙurmus. Bairos ne, kuma yawanci ɓoye foldojin yake yi, ba ya goge su. Shaidar tana wurin nauyi: in filashin ya nuna har yanzu cike yake, to kayanka suna ciki. Kada a danna gumakan nan, don ta nan yake yaɗuwa. A wanke filashin da manhajar kashe bairos, a buɗe zaɓin nuna ɓoyayyun fayiloli har da waɗanda kwamfuta ke karewa, a kwashe waƙoƙin zuwa wani wuri.

Inda ya kamata a natsu sosai shi ne lokacin da aka goge fayil da gaske, aka kuma zubar da kwandon shara. Ko a nan, kwamfuta ba ta share sautin nan take. Sunansa kawai take cirewa daga jadawalin faifai, ta ayyana wurin a matsayin fili. Sautin yana nan har sai wani sabon abu ya hau kansa. Saboda haka doka ta farko ita ce a daina amfani da faifan, ko hoto ɗaya kada a ƙara masa. Manhajoji na kyauta irin su Recuva da PhotoRec suna iya tono abin da aka goge, da sharaɗin a girka su a wani faifai dabam, abin da aka tono shi ma a zuba shi a wani wurin. PhotoRec takan dawo da fayil babu sunansa na asali, sai lambobi, amma bayanin da ke maƙale cikin MP3 ɗin yakan tsira. Sabbin kwamfutoci masu faifan SSD kuwa sukan share filin da kansu jim kaɗan bayan gogewa, don haka damar ba ta da yawa a can. Faifan da ya fara ƙas-ƙas, ko wanda ruwa ya taɓa, kamar yadda ya faru a gidaje da yawa a Jidda lokacin ambaliyar Nuwamban 2009, a kashe shi a kai wa gwani. Duk kunnawa ɗaya ƙara masa rauni take yi. Kuma ina roƙon mai karatu, in kwamfuta ta ce sai an yi wa faifai fomat kafin ya buɗe, kada ya amince.

Wani zai ce, ai komai yana intanet yanzu. Waƙar mawaƙan Saudiyya irin su Muhammad Abdu ko Ɗalal Maddah in ta ɓace, cikin minti guda za ka same ta a Anghami ko Spotify. Namu ba haka suke ba. Da yawa daga waƙoƙin Shata, wanda ya rasu a 1999, a wurin biki aka ɗauke su da ƙaramar rikoda, babu kamfanin da ya buga su. Haka bege, da waƙoƙin amada, da karatun malaman da suka riga mu gidan gaskiya. Mai yiwuwa kwafin da ke wani ɗaki a Jidda shi kaɗai ya rage a duniya. Intanet ɗin ma ba ta da tabbas. A Maris na 2019 shafin MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da mutane suka ɗora tsawon shekara 12, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 50. Google kuma ya rufe Google Play Music a 2020, daga bisani ya goge abin da masu shi ba su kwashe ba.

Ajiya ba ta da tsada. MP3 na yau da kullum yana cin kusan megabait 1 a minti ɗaya, wato filashi mai gigabait 64 zai ɗauki sama da awa 1,000 na sauti. Kwafi biyu a gida biyu sun wadatar, a riƙa kunna su lokaci-lokaci ana dubawa.

Sai dai akwai ɓatan da babu manhajar da ke magance shi. Tsarin farko na rubuta suna cikin MP3, wanda aka ƙirƙiro a 1996, harafi 30 kacal ya tanadar wa sunan waƙa, kuma bai san ɓ, ɗ da ƙ ba. Sunayen da aka rubuta da Larabci a kwamfutar Saudiyya sukan rikiɗe su zama tarkacen alamomi a wata kwamfutar. Ta haka ɗaruruwan waƙoƙi ke taruwa ƙarƙashin mawaƙin da ba a sani ba, suna nan amma ba mai iya nemo su. Manhajar gane waƙa ta Shazam tana gane abin da ke cikin rumbunta ne kawai, da wuya ta san kiɗan da aka ɗauka a fada ko a gidan biki. Wanda zai gane shi ne dattijon gida ko gwaggo. A zauna da su, a kunna fayil ɗaya bayan ɗaya, a rubuta sunan mawaƙi, wanda aka yi wa waƙar, garin da aka yi ta da shekarar in sun tuna, a sa a cikin fayil ɗin, a kuma rubuta a littafi.