Yadda Ake Neman Gurbin Jami'a da Kuɗin Karatu a Najeriya

Iyaye da yawa sun ɗauka da zarar yaro ya ci JAMB, shi ke nan ya shiga jami'a. Ba haka abin yake ba. A shekarun nan, sama da ɗalibai miliyan ɗaya da rabi ne ke zana jarrabawar duk shekara, guraben kuwa ba su kai haka ba, musamman a fannin likitanci da shari'a. Don haka sai an bi abin daki-daki.

Da farko, ɗalibi na buƙatar kiredit 5 a WAEC ko NECO, har da Turanci, da Lissafi a fannonin da ke buƙatarsa, da kuma lambar NIN don rajista. JAMB darussa 4 ce, jimillar maki 400. Turanci dole ne, sauran ukun kuma su dace da kwas ɗin da ake so. Mai neman likitanci sai ya haɗa da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Kuskure a nan kan ɓata shekara guda, komai yawan maki.

Na biyu shi ne zaɓen jami'a, kuma a nan ake yawan yin tuntuɓe. Jami'o'in tarayya na raba gurabe gida uku: kashi 45 cikin 100 na cancanta, 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, 20 kuma na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Ke nan ɗan Kano ko Jigawa da ya zaɓi Jami'ar Bayero yana da ƙofa fiye da ɗaya.

Na uku, jami'a za ta yi tata tantancewar. In an dace, sai ɗalibi ya shiga shafin CAPS na JAMB ya karɓi gurbin da kansa. Gurbin da bai bi ta nan ba, hukumar ba ta san da zamansa ba.

Saura kuɗi. Tun 2024 asusun NELFUND ke bai wa ɗaliban makarantun gwamnati rance marar ruwa. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, ana kuma fara mayar da rancen shekara 2 bayan bautar ƙasa. Akwai kuma tallafin karatu na jihohi.

Iyaye, a zauna da yara a tsara wannan tafiya tun suna sakandare. Tun ran gini, tun ran zane.