SHARHI A CIKIN RUBUTUN KWAMFUTA: WASIƘA GA MAI ZUWA BAYA

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin hannu na malaman ƙasar Sakkwato, irin waɗanda ake adanawa a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, ya san cewa rubutu iri biyu ne a shafi guda. Akwai ainihin matani a tsakiya, akwai kuma ƙananan rubutu a gefe da tsakanin layuka, inda malami ko ɗalibi ya fayyace kalma mai wuya. Ana kiran wannan hashiya. Garinmu Tambuwal ba baƙo ba ne ga irin wannan karatu, domin nan ne Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, masani kuma mawaƙi, ya zauna. To, masu rubuta wa kwamfuta umarni su ma suna da tasu hashiyar. A wannan maƙala za mu kira ta sharhi, mu duba yadda ake rubuta shi, musamman idan ya wuce layi ɗaya.

MENE NE SHARHI?

Kwamfuta ba ta da hankalin kanta. Mutum ne yake rubuta mata umarni layi bayan layi a cikin ɗaya daga harsunanta, sa'an nan wata manhaja mai aikin tafinta ta juya umarnin zuwa abin da injin zai gane. Sharhi kuwa rubutu ne da aka yi wa alama domin tafintan ya tsallake shi. Ba don injin aka yi shi ba, don ɗan'adam aka yi. Yana gaya wa mai karatu dalilin da ya sa aka rubuta abin da aka rubuta.

Me ya shafe mu? Tun shekarar 1988 Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar koyar da ilimin kwamfuta a makarantu, kuma tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Daga cikinmu akwai waɗanda za su karanci wannan fanni a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

YADDA AKE RUBUTA SHI

Kowane harshe da tasa alamar. Bari mu ɗauki uku.

Na farko, BASIC, wanda John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙirƙira a kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1964, kuma da shi ɗaliban sakandare da yawa a Nijeriya suka fara. A nan kalmar REM ce alamar sharhi, amma ƙarfinta layi ɗaya ne kawai. Idan bayaninmu ya kai layi uku, sai mu maimaita ta sau uku:

10 REM Lissafin sakamakon zangon karatu.
20 REM Gwajin aji yana da maki 40, jarrabawa tana da 60.
30 REM Wanda bai zauna jarrabawa ba, a bar gurbinsa babu komai.

Na biyu, harshen C, wanda Dennis Ritchie ya tsara a 1972. Shi yana da ƙofar shiga da ta fita. Ana buɗewa da /* a rufe da */, kuma duk abin da ke tsakaninsu sharhi ne, ko da layi hamsin ne:

/* Rabon takin zamani ga manoma.
Ana lissafi da buhu mai kilo 50, ba da mudu ba.
Wanda bai biya bashin bara ba, ba ya cikin rabo. */

Harsunan Java da JavaScript sun gaji wannan alama. Suna kuma da // domin sharhin layi ɗaya, wanda shi kansa C bai karɓa a hukumance ba sai a 1999.

Na uku, Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991. Alamarsa ita ce #, kuma kamar REM, sai an sa ta a farkon kowane layi. Wasu sukan kewaye dogon bayani da alamar zance sau uku, wato """, a farko da ƙarshe. Amma mu lura, wannan ba sharhi ne na ainihi ba. Tafinta yana karanta shi a matsayin rubutu. Wurin da ya dace da shi shi ne farkon wani sashe na shirin, inda yake zama bayanin da mai amfani zai iya kira ya karanta.

RAMUKA UKU

Ramin farko shi ne mantuwa da rufewa. Wanda ya buɗe da /* bai rufe ba, tamkar wanda ya bar ƙofar rumbu a buɗe ne. Sharhin zai ci gaba da haɗiye umarni na gaske har sai ya tarar da wani */ a can ƙasa. Wani lokaci shirin zai yi aiki ba tare da wani gargaɗi ba, alhali an tsallake layin da ke haɗa makin gwaji. Ɗalibin da ya ci 75 sai ya ga 45 a takardarsa.

Rami na biyu shi ne sa sharhi cikin sharhi. A harshen C, alamar rufewa ta farko da tafinta ya tarar ita ce take rufe komai. Abin da ya biyo bayanta sai a ɗauke shi umarni, shirin ya ƙi tashi.

Rami na uku ya shafi harshenmu. Ba laifi a rubuta sharhi da Hausa, tunda injin ba ya karanta shi. Sai dai tsofaffin manhajoji irin su QBASIC ba su san baƙaƙen ɓ, ɗ da ƙ ba. Python kuwa, tun daga fitowarsa ta uku a 2008, yana karɓarsu ba tare da wani shiri na musamman ba. Inda babu ƙugiya, sai mu zaɓi kalmomi da kula, kada ƙasa ta koma kasa.

ME YA KAMATA A RUBUTA?

Sharhi mai kyau ba ya maimaita abin da ido ke gani. Idan layi ya ce a haɗa A da B, ba amfani a rubuta cewa an haɗa A da B. Abin da ake bukata shi ne dalili, da sharaɗi, da ma'auni. Batun ma'auni ba ƙaramin abu ba ne. A watan Satumba na 1999 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, domin manhajar wani rukuni tana ba da lissafi da ma'aunin Ingilishi, ɗaya rukunin kuma yana zaton na mita ne. Wancan ya auna da tiya, wannan ya karɓa da mudu.

Haka kuma, duk lokacin da aka sauya umarni, a sauya sharhinsa. Idan makaranta ta mayar da gwajin aji maki 30 amma sharhi yana nan yana cewa 40, ya zama mai shaidar zur. Gara babu sharhi da a bar na ƙarya.

A ƙarshe, mu tuna cewa shiri yakan fi mai shi daɗewa a wurin aiki. Gab da shekarar 2000, lokacin da aka ji tsoron kwamfutoci za su rikice saboda ana rubuta shekara da lamba biyu kacal, sai da aka koma ana bin rubutun da aka yi shekaru ashirin ko talatin baya, bayan masu shi da yawa sun bar aiki. Inda suka bar bayani, gyara ya zo da sauƙi.

Saboda haka, ya ku ɗalibai, ko shirin layi goma kuka rubuta a ɗakin kwamfuta, ku sa masa sharhi a kai: me yake yi, da wane ma'auni, kuma yaushe aka rubuta shi. Ƙanenku da za su gaji kujerunku za su gode muku, ku ma kanku za ku amfana idan kuka dawo gare shi bayan hutu.