Shirin Ambaliya a Gida da Unguwa

A daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin 10, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya malalo cikin Maiduguri mutane suna barci. Dubban ɗaruruwa suka rasa matsuguni, alhali wannan madatsar ta taɓa yi wa birnin irin haka a 1994. A Mokwa ta Jihar Neja ma da asuba ruwan ya zo a ƙarshen Mayu 2025, ya hallaka fiye da mutum 150. Wanda ya farka ya ji ruwa a ƙarƙashin tabarmarsa ba shi da sauran lokacin shawara. Abin da ya tanada tun bazara shi kaɗai zai amfane shi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Gargaɗi dai akwai shi. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, NIHSA kuma tana bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya, sannan hukumar agajin gaggawa ta NEMA da takwarorinta na jihohi su yi kira ga jama'a. Matsalar ita ce labarin yakan tsaya a ofis da shafin jarida, cikin harshen da tsohuwar da ke bakin fadama ba ta ji. Sai ya bi ta rediyo, ta bakin dagaci da mai unguwa da limamin Juma'a kafin ya zama gargaɗi na gaske. Saboda haka kowace unguwa tana bukatar sanin abu biyu kafin marka ta kankama: wa zai tayar da mutane cikin dare, kuma wane tudu za a nufa. Lasifikar masallaci ta isa ta yi aiki na farko. Na biyun kuwa, makaranta ce ko filin idi, a tsayar da magana ɗaya, har yara su san hanyar. A kuma san gidan da ke da tsoho, ko gurgu, ko mai jego, a ɗora wa wasu samari nauyin fito da su.

A ƙasar Hausa ba nutsewa kaɗai ke kisa ba. Daga Jigawa har Maradi da Damagaram, rayuka da dama a ƙarƙashin ginin ƙasa suke salwanta. Ruwa yana kwanciya a gindin katanga, ya jiƙa ta sannu a hankali har ta zauna. Maigidan da ya yi yaɓe da wuri, ya gyara indararo, ya buɗe wa ruwan tsakar gida hanyar fita, ya rage wannan haɗarin ƙwarai. Ɗakin da ya tsage ko ya fara zubar da ƙasa kada a kwana cikinsa ranar da aka wuni ana ruwa, komai ƙuncin wuri.

Takardun gida da na gona, katin ɗan ƙasa da shaidar makaranta a naɗe su cikin leda mai kauri, a haɗa da tocila, da maganin masu hawan jini ko ciwon sukari, da ɗan kuɗi, a rataye inda hannu zai kai cikin duhu. Hatsi a ɗaga shi daga ƙasa. Dabbobi kuma a kwance su, kada ruwa ya same su a turke.

Sauran aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya. Lambatun da leda ta toshe, da kududdufin da aka cike aka yi gini a kai, su ne ke juya ruwa zuwa ɗakunan mutane, kuma wanda ya zuba sharar ba lallai ne shi ruwan zai fara ci ba. Mutanen kwarin Haɗejiya, inda kachala ke toshe hanyoyin kogi, sun daɗe suna fita gayya su ɗaga jinga da buhunan ƙasa. Unguwannin birni ma suna bukatar irin wannan gayyar, ta yashe magudanai kafin ruwan farko.

Idan ruwan ya riga ya shigo, a kashe wutar lantarki, a fita da wuri, a bar kaya. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, mai santimita 30 kuma yana iya ɗaga ƙaramar mota. Bayan ya janye sai a yi hattara da rijiya, don ta gauraya da masai, daga nan ne amai da gudawa ke ɓarkewa. A tafasa ruwan sha. Wanda gudawa ta kama a dama masa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ya riƙa sha a kan hanyar zuwa asibiti.