Awon Igiya da Izinin Gini a Kano

A gefen birnin Kano, musamman ɓangaren Ungogo da Kumbotso, gonakin da ake noman dawa a cikinsu shekarun baya sun koma unguwanni. Mafi yawan filayen nan awon igiya ne: mai gona ya sayar, dillali ya zo da igiya da turaku ya yayyanka, a rubuta takardar ciniki gaban mai unguwa da shaidu, washegari birkila ya fara haƙa harsashi. Da wuya ka ji mai ginin ya ce ya leƙa KNUPDA, hukumar da doka ta ɗora wa tsara birnin da ba da izinin gini.

An saba ɗora laifin a kan taurin kan jama'a. Akwai shi, amma asalin matsalar tana ga fili, ba ga ginin ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sanya filayen birni a hannun gwamna, ƙaramar hukuma kuwa ikonta ya tsaya a karkara. Kafin a duba zanen gidanka sai ka nuna takardar mallakar da gwamnati ta sani, sannan zanen ya fito daga hannun ƙwararre mai rajista, ka kuma biya kuɗin da aka yanka. Takardar mai unguwa ba ta cikin wannan lissafi. Ashe wanda ya sayi awon igiya an rufe masa ƙofa tun bai ƙwanƙwasa ba. Fulotan awon gwamnati kuma ba su taɓa isar jama'a ba, kuma kaɗan ɗin da ake fitarwa sukan ƙare a hannun masu hanya, su sayar a farashin da malamin makaranta ba zai tunkara ba.

Ga kuma yadda talaka ke gini. Ba ya yinsa a zama ɗaya: bana ɗaki biyu da banɗaki, baɗi katanga, in yaro ya isa aure a yanka masa shago a soro. Tsarin izini kuwa an yi shi ne don mai cikakken zane da kuɗi a hannu.

Dole a faɗi gaskiya, awon igiya ya rufa wa dubban magidanta asiri, ya fitar da su daga haya. Sai dai kuɗin da aka guje wa a ofis ana biyansa daga baya da riba. Dillali ba ya barin titi mai faɗi, domin kowace ƙafa kuɗi ce. Sai a tashi da lungun da motar kashe gobara ba ta shiga, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta ko maƙabarta, wani ma ya dasa gida a kan hanyar ruwa, damina ta zo maƙwabta su kwana suna kwalfe ruwa. Banki kuma ba ya karɓar irin wannan gida jingina. Inda abin ya fi muni shi ne bene, don babu mai duba yawan rodi da siminti. Benen da ya rufta ana cikin gininsa a titin Beirut a watan Agustan 2022 ya nuna cewa har a tsakiyar birni sa ido na da rauni.

Maganin da gwamnatoci suka fi sani shi ne jan fenti a bango, sai katafila. Abuja ta gani zamanin da Nasiru El-Rufai ke minista, daga 2003 zuwa 2007. Rusau ɗin Kano na watan Yunin 2023 kuwa, wanda ya ci gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da shagunan filin Idi, ya bar wani tabo na daban. Masu gine-ginen da dama sun ce gwamnatin da ta gabata ce ta ba su takardu. Ko mutum ya yarda cewa filayen jama'a aka cefanar ba bisa ƙa'ida ba, abin da mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauka shi ne takarda ma ba ta hana rusau. To, don me zai yi zaryar ofis?

A ganina hukuma ta fi buƙatar ta riga dillali isa gona, ta fitar da tituna da magudanai tun ba a kafa turaku ba, ta kuma samar da zanen ƙaramin gida da aka riga aka amince da shi, wanda mai rabin fuloti zai karɓa da kuɗi kaɗan ya gina a hankali. Unguwannin da suka riga suka cika kuwa, ba su takarda bayan an buɗe hanyoyi ya fi arha a kan rushe su.