Malamin da zai koyar da tarihin Arlit, shi ma sai ya koya

Yau hirarmu ta kai mu arewa, cikin jahar Agadas, garuruwan Arlit da Akokan. Za mu yi magana a kan malaman lakwal, da horon da suke bukata don su koya wa yara tarihin garinsu.

Yaro ya ɗaga hannu cikin aji, ya ce: "Mushe, yaushe aka kafa garinmu?" Sau da yawa malamin baƙo ne. An turo shi daga Maraɗi, ko Damagaram, ko Doso. Ya san tarihin Nijar, gama an koya masa a makarantar horon malamai. Amma littafin da ke hannunsa na ƙasa ne gaba ɗaya, ba ya ɗauke da labarin kowane gari. To, me zai ce wa yaron? Ba laifinsa ba ne. Mutum ba ya ba da abin da ba shi da shi. Don haka karatun malami ba ya ƙarewa ranar da ya karɓi takardar shaida.

Abin da malami zai fara sani

Arlit tana arewa da Agadas, tafiyar fiye da kilomita 200. Ma'adinin uraniyom ne ya haife ta. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka kafa garin a 1969, ma'adini ya fara fita a 1971. Kamfani na biyu, COMINAK, an kafa shi a 1974, ya fara fid da ma'adini a 1978. Ma'aikatansa cikin ƙarƙashin ƙasa suke shiga, zurfin wajen mita 250. Dominsu aka gina Akokan. Wutar lantarkin da ake aiki da ita daga Anu Araren take zuwa, kusa da Cirozerin, inda kamfanin SONICHAR yake ƙona gawayin ƙasa. An rufe COMINAK ran 31 ga Maris 2021. A 2025 gwamnatin Nijar ta mai da SOMAIR mallakar ƙasa.

Wasu suna cewa sabon gari ba shi da tsohon labari. Garin sabo ne, amma ƙasar tsohuwa ce. Tun kafin zuwan kamfani Abzinawa suna kiwo a wurin. A Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, mutanen da can sun zana raƙuman dawa a jikin dutse, babban ya wuce mita 5. A 1353 matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka Takadda, garin jan ƙarfe. Masana da yawa suna ganin ita ce Azelik, wajen Ingal. A Azelik ɗin ne kuma Faransawa masu neman jan ƙarfe suka fara ganin uraniyom a 1957. Ga masarautar Abzin, ga yaƙin da Kawusan ya yi da Faransawa a Agadas a 1916 da 1917. Malamin da ya san wannan zai nuna wa yaro cewa tarihinsa bai fara daga ƙofar kamfani ba.

Ina malami zai ƙaru?

Hanya ta farko, taron malamai. A Nijar malaman lakwal-lakwal na kusa da juna suna da taro da ake kira CAPED, inda suke gyara wa juna aiki. A nan za a iya keɓe zama don tarihin gari. Malami ɗaya ya shirya darasi, ya koyar gaban ƴan'uwansa, su faɗa masa inda ya yi daidai da inda ya kauce.

Hanya ta biyu, littattafai. Farfesa Jibo Hamani ya rubuta tarihin masarautar Abzin. Abubakar Adamu ya rubuta littafi a kan Agadas da kewayenta. Da Faransanci suke, kuma malami yana iya karantawa, ya sauƙaƙa wa yara.

Hanya ta uku, bakin dattijai. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Tun 1968 akwai cibiya a Yamai, wadda yanzu ake kira CELHTO, aikinta tara tarihin baka. Amma tambayar dattijo sana'a ce, sai an koya. Ga abu huɗu da horo zai koya wa malami:

Na ɗaya, ya nemi izini, ya faɗi abin da zai yi da maganar.

Na biyu, ya rubuta sunan mai magana, da wuri, da rana.

Na uku, ya bambanta abin da mutum ya gani da idonsa da abin da aka ba shi labari.

Na huɗu, kada ya tsaya ga baki ɗaya. Ya ji ma'aikaci, ya ji makiyayi, ya ji macen da ta yi shekaru tana sayar da abinci a bakin kasuwa. In maganarsu ta saɓa, ya rubuta duka, ya gwada da takardu.

Kada kuma ya zaɓi mai daɗi kaɗai. Uraniyom ya kawo albashi, da asibiti, da hanyar kwalta daga Tawa. Mutanen gari kuma sun daɗe suna kukan ƙura, da tulin dattin ma'adini, da rashin lafiya. Amina Weira, ɗiyar wani tsohon ma'aikacin ma'adini, ta yi fim a kan haka a 2016. Duka biyun tarihi ne.

Me ya sa ake gaggawa?

Samarin da suka zo aiki a 1971, yau sun wuce shekara 70. Da aka rufe COMINAK ɗaruruwan ma'aikata sun rasa aiki, wasu sun koma garuruwansu da labarinsu a ciki. In malami ya jira shekara goma, wa zai tambaya? Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Ku kuma, masu karatun manya, kuna da hannu cikin aikin nan. In malami ya zo da tambaya, ku shimfiɗa masa tabarma. Tun da yanzu kun iya riƙe alƙalami, ku ɗauki takarda, ku rubuta amsar tambayoyi uku: Wace shekara na zo garin nan? Daga ina na zo? Me na tarar? Wanda ba a Arlit yake ba, ya yi wa garinsu haka. Ku kai wa malamin ƴaƴanku, ya karanta musu cikin aji.