Damben Kunkuru

Hausawa sun ce kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. Da wanda ya ƙagi karin maganar ya taɓa ganin maza biyu na babban kunkurun tudu sun haɗu a kan mace ɗaya, da ya sassauta masa. Kunkuru yana dambe, har ma yana yin kisa. Makamin nasa ne ba a hannu yake ba.

A ƙarƙashin wuyan namiji, daga ɓawon ƙirji, akwai wani tsini mai baki biyu da ya turo gaba ya ɗan lanƙwasa sama, siriri a baki, mai kauri a gindi, kamar waigin da karen mota ke cusa wa tayar babbar mota in ta tsaya a Kwangwalam. In faɗa ya tashi, kowane zai janye kai ciki, ya kafe ƙafafun baya a yashi, ya rugo. Kana jin ƙarar ɓawo da ɓawo, ƙwas! Abin da kowa ke nema shi ne ya zura tsinin a ƙarƙashin abokin karawa, ya ɗaga shi, ya kifar. Wanda aka juya a bayansa cikin ranar bazara, in ya kasa birkitowa, zafi kaɗai ya ishe shi ajali. Raina kama ka ga gayya.

Wannan kunkuru ɗan Sahel ne, daga Senegal har Habasha, kuma ƙasar Daura mai jigawa, daga Mai'aduwa zuwa Zango da Ɓaure, irin mazaunin da ya fi so ce. Shi ne mafi girman kunkuran tudun da ke zaune a nahiya, ba a tsibiri ba. Na tsibiran Galapagos da Aldabra ne kawai suka fi shi. Ƙosasshen namiji kan wuce kilo 80, yakan kuma haura shekara 70 a duniya. Saboda wannan tsawon rai ne mutanen Ogbomoso suka riƙa cewa Alagba, kunkurun fadar sarkinsu da ya mutu a 2019, ya shekara 344, ko da yake masana dabbobi ba su yarda da lissafin ba.

Sannu ba ta hana zuwa, kuma da ita yake cin galabar rani. Yakan haƙa rami mai zurfi da ƙafafun gaba, ya shige inda ƙasa ke da sanyi da ɗan laima, ya yi kwance har ruwa ya sauka. Ciyawa ce abincinsa, daga gare ta yake samun yawancin ruwansa, ya adana a mafitsara. Shi ya sa in yaro ya ɗaga shi ya tsula fitsari don tsoro, guzurin makonni ya zubar. Mace kan binne ƙwai 15 zuwa 30 a yashi ta yi tafiyarta, zafin ƙasa ne zai ƙyanƙyashe su, shi ne kuma zai raba maza da mata.

Yau an fi ganinsa a tsakar gidan masu hali da shimfiɗar masu maganin gargajiya fiye da dawa. Gonaki sun cinye daji, garke ya cinye ciyawa, fatake sun kwashi 'ya'yansa zuwa Turai da Amurka, har a shekarar 2000 yarjejeniyar CITES kan cinikin namun daji ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji don ciniki. A jejin Termit, can gaba da Damagaram, akwai sauran masu zaman kansu.

Mai kiwonsa a gida ya san cewa ɓawon nan ƙashin baya ne da haƙarƙari suka haɗe, akwai jini da jijiya a ciki, don haka huda shi a ɗaura igiya azaba ce. A ba shi ciyawa da inuwa da ƙasar da zai haƙa, kuma kada a haɗa maza biyu a shinge ɗaya.